An ce mini ɗan gurguzu a wajen mai shayi: ra'ayin Sawaba ya mutu ne a Kaduna?

Ɗan Kakuri

Assalamu alaikum. Ina neman a fahimtar da ni wani abu da ya tsaya mini a rai tun daren Lahadi.

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada. Bayan isha'i mukan taru wajen mai shayi, mu shida ko bakwai. A daren hira ta taso daga sabuwar dokar haraji, ta gangara kan Nijar, ta ƙare a kan mutanen ƙetaren gada, wato kudancin garin Kaduna inda Kiristoci suka fi yawa. Na ce ban yarda a kwashi 'ya'yan talakawa a kai su yaƙi wata ƙasa ba. Na ce Kiristan Sabon Tasha ba maƙiyina ba ne. Na kuma ce a sassauta wa mai Keke Napep tikitin da yake yanka kullum, a je a ƙirga gidajen masu hannu da shuni. Wani yaro da na ba shekara goma sha biyar ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ai gurguzu ne, karatun Turawa ne." Babu wanda ya tanka masa.

Abin ya yi mini ciwo, don ba a bakin Bature na ji wannan magana ba. A bakin mahaifina na ji ta, Allah ya jiƙansa, mutumin da ko Legas bai taɓa takawa ba. Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana aikin masaƙa a Kakuri, katinsa mai hoton makulli na PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, yana cikin akwati tare da takardar gonarsa. Gidan hayar da na tashi ɗaki goma sha biyu ne: mu, Bajju gida biyu, Atyap, wani Tibi, da wani Ibo mai gyaran rediyo. Da Sallah namanmu ke zaga ɗakuna, da Kirsimeti shinkafarsu. In albashi ya makara, gidan gaba ɗaya ke cin bashi wurin mai kanti ɗaya.

A Fabrairun 2000, da rikicin shari'a ya ɓarke, maƙwabcinmu ɗan Bajju ya kulle mu a ɗakinsa kwana biyu, yana tsaye bakin ƙofa yana cewa Hausawan sun gudu. Sojoji ne suka ƙetarar da mu. Ba mu sake komawa ba, kuma ba a daɗe ba masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mu muka rasa unguwa, su suka rasa 'yan uwa, dukkanmu muka rasa aiki. Amma ka shiga GRA yau, Alhaji da Cif katanga ɗaya ta raba su, 'ya'yansu makaranta ɗaya.

Maganar Nijar kuwa, goggona tana aure a Maraɗi. Da aka yi juyin mulki a Yulin 2023, ECOWAS ta ce za ta tura soja, aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta. Wata bakwai ba mu ga juna ba. Wa za a je a harba a Maraɗi in ba 'ya'yanta ba?

Tambayata ita ce: waɗannan abubuwa uku ba abu ɗaya ba ne? Ni dai a ganina wanda ake tatsar kuɗinsa shi ake tura wa yaƙi, shi kuma ake zuga ya yanka maƙwabcinsa. Ko ni ne ban gane ba?

Baba Mai Makulli

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Ka gaya wa yaron nan ya nemi tsofaffin gidansu su ba shi labari.

An kafa NEPU a Kano a watan Agustan 1950, Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu Kano malami ne ɗan malamai, tafsiri yake yi da azumi. Gambo Sawaba 'yar Zariya ce, nan kusa da mu, an ɗaure ta an yi mata aski ba sau ɗaya ba. Wanne ne Bature a cikinsu? Babban abin da suka yaƙa shi ne haraji da jangali. Na ga da idona yadda ake shanya magidanci a rana ƙofar gidan dagaci saboda kuɗin da bai kai na akuya ba, matansa suna kallo. Da PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kaduna da Kano a 1979, Balarabe Musa da Abubakar Rimi suka soke su. Majalisar jiha da 'yan NPN, jam'iyyar da ke mulkin tarayya a lokacin, suka fi yawa a cikinta ta hana Balarabe naɗa kwamishinoni, ta tsige shi a Yunin 1981.

Zancen addini ma tsoho ne. Da NEPU ta haɗa kai da UMBC, jam'iyyar ƙabilun tsakiyar ƙasa ta Joseph Tarka, kafirai aka kira su. Daga baya Dakta Bala Usman na jami'ar Zariya ya yi littafi guda a 1987 kan yadda masu mulki ke wasa da addini don su raba kan talakawa.

Sai dai kada ka ɗauka mu waliyyai ne. Mu da kanmu muka rabu gida biyu a PRP, 'yan santsi da 'yan taɓo, muka zagi juna a kan duro har Malam ya rasu a 1983. Wani kaso na mutuwar wannan ra'ayi a wuyanmu yake.

Alhaji Mai Yadi

Malam tela, biyun farko ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Rufe iyakar nan ni ma ta taɓa ni, rabin masu sarin kayana daga Maraɗi da Damagaram suke zuwa. Amma na uku a yi hattara.

Duk lokacin da aka ce a caji masu kuɗi, ba a kan manyan yake sauka ba, a kaina yake sauka, mai shago biyu a kasuwa da yara tara da nake biya. Manyan suna da lauyoyi da akantoci, wasu har yafiyar haraji ake ba su. Ni kuwa masu rasit kala-kala ne ke sallama mini. Harajin kaya na VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, an cire tallafin mai a Mayun 2023, me muka gani a ƙasa? Ni na haƙa rijiyar burtsatse, ni ke sayen man janareto, mu ke haɗa kuɗin 'yan sintiri a layinmu. Zuba ruwa a kwando ba taimakon talaka ba ne.

Allah ya riga ya yanka mana ƙa'ida, ɗaya cikin arba'in duk shekara. Da attajiran Kaduna za su fitar da zakka tsakani da Allah, da ba ka ga yaro da roba a bakin danja ba.

Maman Rifkatu

Ɗan'uwa, sannu. Ni Kirista ce, ina aikin jinya, ina zaune a Sabon Tasha. A Tudun Wada aka haife ni, gidan da ke da bishiyar mangwaro bayan makarantar firamare, Hausa na fara ji kafin yarenmu. Ranar da aka ƙetarar da ku kudu zuwa arewa, mu aka ƙetarar da mu arewa zuwa kudu. Yayana bai ƙetare ba.

Shi ya sa nake so in ja ka kaɗan. Na yarda talauci itace ne, amma wani ne ke ƙyasta ashana. Waɗanda suka tare yayana sun san sunansa, tare suke buga ƙwallo. Ba yunwa ce ta sa su ba, abin da aka daɗe ana zuba musu a kunne ne. A wajenmu ma ana zubawa, na sha jin wa'azin da na fito daga coci raina a ɓace. In muka ɗora komai a kan masu kuɗi, mun wanke kanmu ke nan.

Ga abin da ke damuna da masu irin ra'ayinka. Za ku fito saboda Gaza, kuma daidai ne, ni ma ina kukan yaran can. Amma in an kashe mutane a Kajuru ko Zangon Kataf, sai shiru. Mu ma haka muke. Da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom kan masu Maulidi a Tudun Biri a Disambar 2023, mutum sama da tamanin, mutanenmu nawa ne suka buɗe baki? Wa ke ambaton Musulmin da aka kashe a Zonkwa a 2011? Da Trump ya yi barazanar turo sojan Amurka a Nuwambar 2025, wasu a unguwarmu murna suka yi. Na ce musu ni na wanke raunin bom a asibiti, ban taɓa ganin wanda ya tambayi sunan mutum ba.

Imam Ashafa da Fasto Wuye na nan Kaduna sun yaƙi juna a 1992, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwa, suka dawo suka zauna tabarma ɗaya. Kowannensu da laifin ɓangarensa ya fara.

Tsohon Kofur

Na yi Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar ECOWAS. Waɗanda muka binne a can babu ɗan minista ko ɗaya. Kuma duk wanda ya ga abin da ya biyo bayan harin NATO a Libiya a 2011, makamai suka watsu cikin Sahel, ba zai so a taɓa Nijar ba. Sanatocin arewa sun yi daidai da suka ƙi yarda a tura soja can.

Amma a bambance. Waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja a Maris 2022, da waɗanda suka kwashe ɗaliban Kuriga a 2024, ba lallashi zai kore su ba. Sojan da za a tura Yamai, Birnin Gwari ta fi bukatarsa, kuma da kuɗin haraji ake saya masa takalmi.

Ɗan Kakuri

Na gode, Baba, zan kai wa yaron wannan bayani yadda ka faɗe shi.

Alhaji, ranka ya daɗe, ba shagonka nake nufi ba. Sabuwar dokar ta yafe wa naira 800,000 na farko a shekara, ta sa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Ba laifi. Amma dukiyar manyan ba a albashi take ba. Tana cikin filaye da gidajen da aka kulle shekara da shekaru, mai gadi kaɗai ke kwana a ciki, alhali muna cunkushe mu takwas a ɗaki biyu. Waɗannan nake so a ƙirga. Zakka kuwa farilla ce, amma rukuni takwas aka ambata masu cin ta, ba za ta biya albashin malamin firamare ko takalmin Kofur ba, kuma ba ta hau kan attajirin da ba Musulmi ba. In kwandon yana yoyo, mu taru mu tsare wanda ya huda shi, kai da ka san lissafi ka shige gaba.

Yaya Maman Rifkatu, Allah ya ba ku haƙuri. Maganarki ta same ni. Lokacin Kajuru ina kan keken ɗinki na ji a rediyo, na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da taka keke. A wajen mai shayi ban ce komai ba.

Gidan da kika kwatanta na san shi, ta nan nake bi in je shago. An fasa ɗakunan gaba an yi shaguna uku, ɗaya na mai cajin waya. Mangwaron yana nan, bana ma ya yi 'ya'ya sosai.