Wai Denzel Washington musulmi ne?

Ɗan Tudun Wada:
Salam jama'a. Don Allah masu bin finafinan Amurka ku raba mana gardama, jiya a teburin mai shayi muka kusa raba dare ana musu, wani abokina ya rantse wai Denzel Washington musulmi ne tunda ya ga yadda ya yi sallah a fim ɗin Malcolm X, musulmin nan ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatan Amurka, ni kuma na ce aiki ne kawai. Kuma wai da wane fim ya fara ne?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam. Kai ne da gaskiya malam, Kirista ne, babansa ma fasto ne, a Mount Vernon ta jihar New York aka haife shi a 1954. Amma wallahi ban ga laifin abokinka ba, duk wanda ya kalli fim ɗin nan na 1992 ya ga yadda mutumin ya rikiɗe ya koma Malcolm, daga tabarau har yadda yake ɗaga yatsa in yana jawabi, dole ya ruɗe. Ai tun 1981 ya taɓa fitowa a matsayin Malcolm a wasan dandamali a New York, ka ga ya daɗe da sanin mutumin ciki da bai. Duk da haka jarumi Al Pacino aka miƙa wa Oscar, babbar lambar yabon finafinan Amurka, a wannan karon, har gobe abin na ci min rai.

'Yar Kongo:
Ɗan uwa, fim ɗin sinima na farko Carbon Copy ne, 1981, amma a talabijin aka fara saninsa. Daga 1982 zuwa 1988 yana fitowa a matsayin likita a shirin St. Elsewhere, shekara shida cur, kuma kafin nan sai da ya karanci wasan kwaikwayo a jami'ar Fordham. Shi nake faɗa wa ƙannenmu da ke son shiga Kannywood, su so suke daga fim ɗaya a fara tare su a PZ ta Zariya ana ɗaukar hoto, babu mai son zaman koyo. Ku nemi Glory na 1989, wurin da ake zane shi da bulala, bai ce uffan ba, ya dai kafe ogan sojan da ido hawaye ya gangaro masa, ni dai ranar na kasa cin abinci. Da shi ya ci Oscar ta farko, ta biyu kuma da Training Day na 2001 inda ya fito a mugun ɗan sanda.

Baban Yara Sabon Gari:
Kun manta Cry Freedom na 1987, shi ne ya fito a Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. Mu da shi muka fara ganinsa a kaset.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode sosai, Allah ya ƙara sani. Yau da daddare zan karanta masa a gaban kowa. Hajiya, wannan Glory ɗin akwai fassarar Hausa kuwa?