Ma'aunin NDVI ya ƙi wuce 0.8 bayan ganye ya rufe ƙasa

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana game da ma'aunin NDVI (ma'aunin yawan koren ganye, da ke kwatanta jan haske da hasken infrared na kusa da shuka ke mayarwa), wanda nake lissafawa daga hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 domin bin diddigin girman shuka. Da zarar ganye ya rufe ƙasa, adadin yakan tsaya a wajajen 0.8 alhali shukar tana ƙara kauri, wataƙila saboda ganyen ya riga ya shanye kusan duk jan hasken. A farkon tsiro kuma, launin ƙasa da danshinta ne suke gurɓata sakamakon.

Shin EVI (wani ingantaccen ma'aunin koren ganye) zai magance matsala ta farko, SAVI (ma'aunin da ke rage tasirin ƙasa) kuma ta biyu? Idan na sauya ma'auni a tsakiyar kakar noma, ta yaya zan daidaita alƙalumansu?