Glock 17 ko CZ Shadow 2: wacce ta dace da mai fara gasar harbi?

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wasan harbi da ƙaramar bindiga, irin wanda mutum ke tafiya yana harbin allunan kwali da farantan ƙarfe, alƙali na biye da shi riƙe da na'urar ƙirga lokaci. Bara aiki ya kai ni Afirka ta Kudu na mako shida, kuma wata Asabar wani abokin aikina ɗan ƙasar ya tafi da ni kulob ɗinsu, inda na harba harsashi hamsin da bindigarsa ƙirar Glock 17 yana tsaye a kaina. Kafin wannan rana ban taɓa riƙe wata bindiga ba in ban da adakar kakana da ke rataye a zaure, ita ma ban taɓa jin ƙararta ba. Yanzu na sami gurbin ƙaro karatu na shekara biyu a can, kuma ina so in shiga wasan sosai har in riƙa fita gasa. A filin na lura yawancin gwanayen CZ Shadow 2 suke riƙewa, amma abokina ya ce Glock ta ishi mai koyo. Wacce zan saya? Sannan in na gama karatu, akwai hanyar da zan dawo da ita Kaduna bisa ƙa'ida?

Tsohon Soja, Unguwar Dosa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, zan fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce mai iya kai mutum gidan yari. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Adaka da 'yan uwanta da ake ɗurawa ta baki suna hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta da bindigar iska lasisinsu yana hannun Sufeto Janar. Amma fistol da rabalba an jera su ne a kashin haramtattun makamai, layi ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti, kuma babu mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara goma ne. Saboda haka ka cire batun dawowa da ita daga ranka tun yanzu. Kasancewar masana'antar makamai ta DICON tana nan Kakuri tun 1964, ga makarantar horon hafsoshi ta NDA, ga Jaji, bai sa farar hula a Kaduna ya fi na wani gari kusa da fistol ba.

Abu ɗaya zan ƙara: harsashi ma doka ta hau kansa. Duk ranar da za ka taho gida hutu, ka zazzage jakarka da aljihunan rigunan da kake zuwa fili da su, domin guda ɗaya da ya maƙale a kusurwar jaka ya isa ya tsayar da kai a filin jirgi. Batun wacce ta fi kuwa na bar wa masu wasan. Mu a zamaninmu ba a tambayar mutum wacce yake so, wadda aka miƙo maka daga ma'ajiyar makamai ita ce taka.

Baban Khalil, ɗan Tudun Wada mazaunin Johanasbag:

Allah ya ƙara girma, Baba, bayaninka ya yi. Malam Ɗan Kawo, ni ma da ɗan labarin da ba zai yi maka daɗi ba daga wannan ɓangaren. Dokar makamai ta Afirka ta Kudu ta shekarar 2000 ba ta ba mutum takardar cancantar mallakar bindiga sai ya kai shekara 21 kuma ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin. Mai bizar karatu ba ya ciki. Abin da dokar ta yarda shi ne mai lasisi ya bar wani ya yi amfani da bindigarsa a ƙarƙashin kulawarsa kai tsaye, kamar yadda abokinka ya yi maka. To ka ga maganar ta tashi daga wacce za ka saya, ta koma wacce za ka riƙa samu kana atisaye da ita a kai a kai, kuma wannan ma tambaya ce da ta cancanci amsa.

Wasan da ka gani ƙungiyar IPSC ce ke tsara dokokinsa. An kafa ta a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka, Jeff Cooper ne shugabanta na farko, kuma ta gina wasan a kan abu uku: saiti, ƙarfin harsashi da sauri. Mutum ba ya zaɓen bindiga sai ya fara zaɓen rukunin da zai shiga, domin kowane rukuni da irin kayan da ya halatta. Akwai rukunin da aka sakar wa kowa mara ya gyara bindigarsa yadda ya ga dama, da madubin saiti mai jan ɗigo da komai, wannan na masu kuɗi ne. Akwai wanda sai bindigar ta shiga wani akwati mai tsawon milimita 225, faɗin 150 da zurfin 45. Wanda ya dace da kai shi ne na bindigogin kanti, wanda a littafin dokokin ake kira Production, kuma duka biyun da ka ambata suna cikinsa. Sharuɗɗansa ba su da yawa: bindigar ta kasance cikin jerin da ƙungiyar ta amince da su, bututunta kada ya wuce milimita 127, kuma kada a sa fiye da harsashi 15 a magazin ɗaya. Wannan sharaɗin bututu shi ya fitar da Glock 34, mai milimita 135, duk da cewa za ka ga Amurkawa na yabonta a bidiyo, saboda su dokar ƙungiyarsu ta cikin gida daban take. Glock 17 bututunta 114 ne, ta shiga.

Sai ka san yadda ake lissafin maki, domin daga nan ne za ka gane dalilin da ya sa gwanaye ke son bindiga mai nauyi. Allon kwalin an kasa shi uku. A rukunin kanti tsakiya maki 5 ne, na biye 3, gefe 1. Kuskure gaba ɗaya kuwa ana cire maka 10, ban da biyar ɗin da ka rasa. Daga nan a raba makinka da daƙiƙoƙin da ka ɗauka. A zango mai harsashi 12, wanda ya sami 56 cikin daƙiƙa 10 ya tashi da 5.6, wanda ya sami 60 cif cikin daƙiƙa 14 kuwa bai kai 4.3 ba. Galibin allunan harsashi biyu ake so a kowanne, don haka abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne yadda bakin bindiga ke saurin komawa kan saiti bayan harbin farko.

A nan Shadow 2 ta yi fice. 'Yan Jamhuriyar Cek suka fito da ita a 2016, jikinta duk ƙarfe ne, nauyinta ya kai kilo 1.3, alhali Glock 17 ta Ostiriya, mai gangar jikin roba, giram 700 ce da ɗoriya in an sa mata magazin ba harsashi. Nauyin nan yana shanye shurin bindiga, ka harba ka ga ƙarfen saiti ya ɗan ɗaga ya dawo wurinsa kamar an ɗaure shi da zare. Bafaranshen nan Eric Grauffel, wanda ya fi kowa yawan kambun duniya a wannan wasa, ya daɗe yana harbi da Tanfoglio ta Italiya kafin ya koma CZ, kuma dukansu bindigogin ƙarfe ne.

Sai dai akwai abin da ba a faɗa wa sabon shiga. A rukunin kanti, bindiga irin Shadow 2 dole ta fara zango 'yar gudumar bayanta na kwance. Ma'ana, bayan ka ɗura harsashi sai ka kama gudumar da yatsu, ka ja kunama, ka sauke ta a hankali a kan harsashi mai rai, alƙali na kallonka. In ta suɓuce ta tashi, gasarka ta ƙare a wurin. Sannan harbin farko kunamar tana da nisa da tauri, doka ma ta ce kada jan ya gaza kilo 2.27, sai daga na biyu ta yi laushi. Mai gajerun yatsu yakan sha wahalar kai wa kunamar a wannan jan na farko, har ya karkata riƙonsa, harsashin ya tafi gefe. Glock ba ta da wannan rigima, janta ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ni dai Shadow 2 nake riƙewa kuma ba na nadama, amma ban fara da ita ba.

Injiniya, Barnawa:

Baban Khalil ya yi adalci, amma ina ganin ya ɗan sassauta. Ni kai tsaye zan ce Glock, kuma dalilina ba ya cikin bindigar. Na yi wasan shekara uku lokacin da nake aiki a waje, kuma abin da ya fi cin kuɗina harsashi ne. Gasar kulob ta yini ɗaya takan cinye sama da ɗari, ban da na atisaye. Tunda abokinka yana da Glock 17, yana da ɗamara da kube da gidajen magazin da suka dace da ita, kuma ya yarda ya tsaya maka, duk kuɗin da kake shirin zubawa a ƙarfe ka mayar da shi harsashi da kuɗin malami. Dogon zango yakan kai harsashi 32, ga shi magazin ba ya wuce 15, ko da akwai ƙarin harsashi ɗaya a cikin bindigar sai ka sauya magazin sau biyu, kuma kana gudu za ka yi. Wanda hannunsa ya saba da bindiga ɗaya shi ke yin wannan ba tare da tunani ba. Mai aron wannan yau, gobe waccan, kullum sabo yake.

Ban manta gasata ta biyu ba. Na gama allunan dama, na juya zan ruga hagu, na danna magazin ya faɗi, sai na ji alƙali ya daka tsawa in tsaya. Na ɗauka wani ne ya shigo fili. Ashe yatsana ne yake cikin zoben kunama lokacin da nake sauyawa. Ya sa na fitar da harsashi, na nuna masa babu komai a ciki, na mayar da ita kube, ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya ce yau na gama. Sauran yinin na yi shi ne ina liƙe ramukan allunan wasu da farar takarda. Haka kuma ake korar wanda bakin bindigarsa ya juya ya wuce kusurwa 90 zuwa inda mutane suke. Waɗannan biyun su ke mayar da sababbi gida tun kafin azahar, kuma tsadar bindiga ba ta maganinsu.

Ɗan Kawo:

Na gode ƙwarai, Baba da yayyena, Allah ya saka da alheri. Maganar saye da ta dawowa da ita duk na ajiye. Amma Baban Khalil, ka ambaci ƙarfin harsashi cikin abubuwa ukun da aka gina wasan a kai, ban ga inda ya shiga lissafi ba. Sannan akwai abin da zan iya yi a nan Kaduna cikin watannin da suka rage kafin tafiyata?

Baban Khalil:

Ƙarfin harsashi awo ne da ake yi a manyan gasa. Ana karɓar harsasai daga hannunka, a auna nauyin kan ɗaya da ma'aunin giren, a harba wasu ta cikin na'urar auna gudu, sai a ninka nauyin da gudun, wanda ake lissafawa da ƙafa a daƙiƙa, a raba da dubu. In sakamakon bai kai 125 ba, za ka iya ci gaba da harbi amma ba za a rubuta maka maki ba. Harsashin milimita 9 mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1,050 yana ba da 130, ya haye. A wasu rukunan akwai babban awo, 160 ko 170, wanda ke ƙara wa mai shi maki a gefen allo, ya sami 4 da 2 a inda kai za ka sami 3 da 1, ladan jure shuri mai ƙarfi ke nan. A rukunin kanti kowa ƙaramin awo ake yi masa, kuma harsashin milimita 9 na shago galibi yana wucewa, don haka wannan ba zai dame ka ba.

Game da Kaduna, kada ka nemi bindigar kowa, ko ta ɗan sanda ko ta soja da kuka saba, domin kai da shi duka za ku shiga uku. Kada kuma ka yi odar bindigar iska ta intanet da tunanin abin wasa ce, Baba ya riga ya faɗa maka inda lasisinta yake. Ka sauke littafin dokokin ƙaramar bindiga na IPSC, kyauta ne a shafinsu, ka karanta babi na takwas mai bayanin umarnin alƙali da na goma mai bayanin laifuffukan kora. Ka sayi ƙarfen matsa hannu irin na 'yan motsa jiki ka riƙa ƙarfafa riƙonka, musamman hannun hagu in kai badame ne, domin shi ke riƙe mafi yawan bindigar. Ka je a duba idonka, ka gano wanne ne ke jagorantar ɗaya. In ka iso ka yi mini magana ta akwatin saƙo, in Allah ya yarda zan zo da tawa filin, ka ɗora yatsa a kan kunamarta gudumar na kwance mu ga ko ya kai.