Tura umarni daga IBM i zuwa kwamfutar tebur: wa ya taɓa yi?

Bakatsine: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A wurin aikinmu akwai sabar IBM i, wadda tsofaffin ma'aikata har gobe suke kira AS/400. Kullum da dare takan haɗa rahoton ciniki. Ana so da ta gama, ta sa wata kwamfutar Windows da ke ofishin akanta ta kwashi fayil ɗin ta buga. Waɗanda suka taɓa irin wannan aiki, don Allah a ba mu labari.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Mu a zamaninmu RUNRMTCMD ne, umarnin IBM i na sa wata kwamfuta ta yi aiki daga nesa. Ka ba shi adireshin kwamfutar, sunan mai shiga da kalmar sirri, sai umarnin. Amma dole a can ɓangaren Windows a sami mai sauraro a ƙofa ta 512, wato Incoming Remote Command da ke zuwa cikin Client Access, manhajar haɗa Windows da IBM i. Amsar da kwamfutar ta mayar a fayil ɗin sful (spool), wato wanda ke jiran bugawa a saba, kake iske ta. Ya yi mana aiki shekaru, sai dai kalmar sirrin a fili take tafiya tsakanin kwamfutocin, ba rufi. Ranar da masu binciken tsaro suka gano haka, a ranar aka toshe ƙofar.

'Yar Zinder: Malam, ai ko ba su toshe ba, zamaninsa ya wuce. IBM ta daina tallafa wa IBM i Access for Windows, wato Client Access ɗin, a 2019, kuma Access Client Solutions (ACS) da ya gaje shi bai zo da wannan mai sauraron ba. Ni wahalar da na sha da shi daban ce. Na tura umarnin buɗe Excel, saba ta ce an yi, amma fuskar kwamfuta fayau, ba komai. Sai da na leƙa Task Manager na ga Excel ɗin zaune yana aiki a ɓoye. Tun daga Vista, Windows ta raba shirye-shiryen da ke aiki a bayan fage da fuskar mai amfani, don haka duk abin da suka buɗe ba mai ganinsa. In kuma ya tsaya yana tambayar “Ee ko A'a”, haka zai kwana yana jira, aikin saba ma ya tsaya tare da shi.

Ɗan Kurmi: Ni STRPCCMD nake yi, umarnin da ke tayar da shiri a kwamfutar da mutum ya shiga saba da ita. A fara da STRPCO mai share masa hanya, sannan a tura umarnin, a sa PAUSE(*NO) kada baƙar tagar umarni ta Windows ta tsaya. Ba kalmar sirri, ba ƙofar da za a buɗe, domin ta cikin koren allon 5250 da ake shiga saba da shi yake bi. A da haruffa 123 ne iyakarsa, sai mu zuba dogon umarni a fayil ɗin .bat mu kira shi. Daga IBM i bugu na 7.2 an kai shi 1023.

'Yar Zinder: Yallaɓai, da dare fa ya ce. STRPCCMD sai da mutum a zaune ya shiga allon. A aikin da aka jera ya tafi da kansa, ba ya motsi.

Ɗan Kurmi: Gaskiyarki Hajiya, tasa ba ta nan take ba.

Mai Gadin Saba: Bakatsine, SSH za ka bi, hanyar tura umarni daga nesa a rufe. A IBM i a tabbatar an girka 5733-SC1, manhajar da ke ɗauke da SSH, a Windows kuma a kunna OpenSSH Server, wanda ke zuwa da ita tun Windows 10 bugu na 1809. Ka ƙirƙiri makulli da ssh-keygen, ka kira ssh ta QSH, mai gudanar da umarni irin na Unix, daga shirin CL, harshen umarnin IBM i. Wurin da ya ci mini lokaci: in asusun da za ka shiga da shi na admin ne, Windows ba ta duba makullin da ke jakar mai asusun. A C:\ProgramData\ssh take nemansa, cikin administrators_authorized_keys, kuma in wani ban da admin da SYSTEM na da izini a kan fayil ɗin, shiru za ta yi ta ƙi ka. Sannan ka fara shiga sau ɗaya da hannu, da asusun da zai riƙa yin aikin daren, ka amince da shaidar kwamfutar.

Bakatsine: Allah ya saka da alheri. In an kashe kwamfutar akantan kafin dare fa?

Mai Gadin Saba: Ssh zai dawo da lamba 255. Ka sa shirinka ya duba lambar, ya aika wa QSYSOPR, akwatin saƙon mai kula da saba, saƙo, ya sake gwadawa da safe.