Neman shawara: fanel bakwai na tsofaffin injinan gem da muka tarar a ɗakin kawuna

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya riƙe shagon gem a shekarun 1990, irin injinan nan na tsaye da ake jefa wa kwabo. Da muka buɗe ɗakin ajiyarsa domin rabon gado, sai muka tarar gara ta cinye akwatunan katakon, abin da ya tsira kawai shi ne fanel guda bakwai. Biyu suna cikin gidan roba, ɗaya kore ɗaya ruwan toka, da sunan kamfanin Capcom a jikinsu. Ɗaya yana da ramin sa kaset, an rubuta masa sunan kamfanin SNK. Sauran huɗun kuwa babu suna ko kaɗan. 'Yan gwangwan sun taya su a kan kilo, ni kuma ina so in biya magada in riƙe su, in fara tarawa. Ta yaya zan gane kowanne, kuma ko zan iya jona su da wuta in gwada?

Amsar wani mai gyaran talabijin:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa kawu. Malam, kada ka jona ko ɗaya tukuna. Ka fara ƙirga haƙoran tagullar da ke bakin kowane fanel. Idan ka sami 28 a kowace fuska, wato 56 a haɗe, mai yiwuwa tsarin JAMMA ne, wanda ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan ta fitar a 1985 domin akwati ɗaya ya karɓi wasanni daban-daban. Wannan tsari yana shan bolt 5 da bolt 12, amma wasannin da suka riga shi, kamar Pac-Man na 1980, kowane kamfani da yadda ya jera wayoyinsa, kuma idan bolt 12 ta bi hanyar bolt 5, aisin (wato IC, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke kan fanel) da kamfanin ya ƙera wa kansa zai ƙone, ba kuwa za ka same shi a kasuwa ba. Ka sani kuma hotonsu na tsohuwar talabijin mai ƙeya ne, don haka rashin ganin hoto a talabijin ta zamani ba hujja ba ce cewa fanel ya mutu.

Amsar wani mai tara su:
Masu gidan robar nan CPS-2 ne, wanda Capcom ya fara fitarwa a 1993 da Super Street Fighter II. Kowanne hawa biyu ne: na ƙasa shi ne uwar injin, na sama kuma shi ke ɗauke da wasan, saboda haka ka duba ko duka biyun suna nan. Launin yana nuna kasuwar da aka yi wa shi: kore na Japan, shuɗi na Amurka da Turai, ruwan toka na sauran ƙasashen Asiya, ruwan lemo na Kudancin Amurka. Kore da shuɗi suna hawa kan juna, amma ruwan toka sai da uwarsa ruwan toka, kada ka matsa shi a kan ta kore. Babbar matsalarsu ita ce wani ƙaramin batir da ke riƙe da mabuɗin sirrin wasan. Idan ya mutu, wasan ba ya tashi, kuma bayan shekaru kusan talatin a ɗaki ina kyautata zaton naka sun mutu. A da wannan babbar asara ce, amma tun 2016 masu bincike suka gano yadda ake sake rubuta mabuɗin, don haka kada kowa ya ce maka bola ne. Na SNK ɗin Neo Geo MVS ne, na 1990 zuwa sama, kuma shi nasa batirin ba mabuɗi yake riƙewa ba, yoyo yake yi ya cinye layukan tagulla. Wannan batirin kam a cire shi yau, ba gobe ba.

Amsar wata mamba:
Game da marasa sunan, ina zaton jabu ne, domin Street Fighter II, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya sha kwaikwayo ƙwarai, har da wanda ake kira Rainbow Edition, inda aka hargitsa dokokin faɗan. Alamarsu ita ce tarin ƙananan aisi na gama-gari a inda na asali yake da babba guda mai tambarin kamfani. Sai dai zato ne kawai. Tabbacin yana cikin aisin nan masu 'yar tagar gilashi: a karanta abin da ke cikinsu da na'ura, a gwada da kundin manhajar MAME, wadda tun 1997 ake adana bayanan wasannin nan a cikinta. Kada ka ɓare takardun da aka liƙa a kan tagogin, domin hasken rana yana iya goge abin da ke ciki, kuma lambobin da ke kan takardun sau da yawa su ne sunan wasan a taƙaice. Ni ba na raina jabu, amma ban yarda a saye shi da kuɗin na asali ba.

Amsar wani dattijo:
Ɗana, tun da dukiyar magada ce, ka gaya musu abin da ka ji a nan kafin a yanke farashi, domin kuɗin kilo ba shi ne darajar masu gidan robar ba. Kafin nan ka kakkaɓe ƙurar da buroshi mai laushi, ka ɗaga su daga ƙasa saboda laimar damina.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Baba, da ku duka. Na duba na SNK, lambarsa MV-1FZ, kuma akwai wani farin gari a gindin batirin. Gobe da safe zan kai shi a cire, amma da me ake wanke wurin da garin ya taɓa?