Neman shawara: shugaban ƙungiyar masu gidaje zai iya taɓa asusu kafin a yi taro?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni ne aka ɗora wa shugabancin ƙungiyar masu gidaje a rukunin da nake zaune a gefen Abuja. Da damunar nan taransifomarmu ta ƙone, ma'aji yana ganin in ba da umarni a ciri kuɗin tsaro a gyara, daga baya a sanar da jama'a, sakatare kuwa ya kafe sai an kira babban taro, alhali taron namu ba kasafai yake cika ba. 'Yan haya ma sun ce tunda suna biyan kuɗin gadi da na kwashe shara, dole a ji ta bakinsu. Yaya zan yi?

Amsar wani dattijo:
Wa alaikumus salam, shugaba. Ina roƙonka kada ka taɓa kuɗin tsaro, domin amana ce da aka tara don albashin masu gadi, kuma ranar da wata ya ƙare ba su ga haƙƙinsu ba, sunanka za a kira, ba na ma'aji ba. Idan ƙungiyarku tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, to kun miƙa kundin tsarin mulkin ƙungiyar lokacin rajistar. Ka ɗauko shi ka duba wanda aka ba ikon sa hannu a asusu. Sannan a ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, gyaran taransifoma nauyin kamfanin rarraba wuta ne, don haka ku fara shigar da ƙorafi a rubuce.

Amsar wata Hajiya:
Alhaji, rashin cikar taro sau da yawa laifin lokaci ne. Ku sa shi ranar Lahadi bayan La'asar, ku tura takardar abin da za a tattauna ta WhatsApp tun da wuri. Game da 'yan haya, duhun nan tare kuke shan sa, saboda haka su jefa ƙuri'a a kan duk abin da suke biya wata-wata. Maganar katanga da kwalta ita ce ta masu gida kaɗai.

Amsar wani tsohon sakatare:
Na yarda da Baba, sai dai ma'ajinka ma yana da hujja. A wannan taron ku nemi jama'a su yanke iyakar kuɗin da kwamiti zai iya kashewa idan larura ta taso, da sa hannun mutum biyu, a kuma rubuta shi a littafin taro.