Abin da aka tsayar a hirar leda a Damagaram

Masu shago daga Kasuwar Dole da wasu malaman kimiyya sun zauna kan maganar leda, ga abin da ya fito.

Baƙar leda daga man fetur ko iskar gas ake yinta, shi ya sa take araha. Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, amma fetur da gazuwal da gas take fitarwa, ba leda ba.

An fi daɗewa kan ledar da ake yi da masara ko rake. Ana barin sukarinsu ya yi tsami, a mayar da shi roba. Ta fi tsada, kuma ba ta ruɓewa a juji, sai a wurin takin da zafinsa ya kai wajen digiri 58. Malaman suka ce kada a ruɗu da tambarin ganye a jikin leda. A ganina, ƙasar da hatsi ke yankewa kafin kaka ba ta da masarar yin leda.

Shawarar da kowa ya yarda da ita: a koma wa kwandon kaba, mai nono a zo mata da kwano, hukuma kuma ta aiwatar da dokar 2014 da ta hana leda mara kauri. Mahauta ma sun ce suna yawan ciro leda dunƙule a tumbin akuya.